Abinci da Motsa Jiki ga Mace Mai Ciki: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Kuskure iri biyu ake yi wa mace mai ciki. Waɗansu kan rage mata abinci, wai don kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Waɗansu kuwa sai su ɗura mata maiƙo da zaƙi, su hana ta ko ɗaga tsinke. Duka biyun ɓarna ne. Wadda ta rasa abinci takan haifi ɗan da bai kai kilo 2.5 ba, irin wanda ciwo kaɗan ke kayarwa. Wadda ta yi ƙiba fiye da kima kuwa tana cikin hatsarin hawan jini da ciwon sukari, ɗanta kuma yakan wuce kilo 4, har a kai ga fiɗa.

Lalle ne nauyin mai ciki ya ƙaru, gama ban da ɗan akwai mabiyiya, da ruwa, da ƙarin jini, da kitsen da jiki ke tanadi don shayarwa. A shekarar 2009 masana aikin likita a Amurka suka tsara iyakarsa ga mai ɗauke da ɗa guda. Ramammiya ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18; matsakaiciya 11.5 zuwa 16. Mai jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba ƙwarai 5 zuwa 9. Yawancinsa bayan wata uku na fari yake zuwa. Ido ba ya iya auna wannan, sai sikelin asibiti. Shi ya sa a shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 8, ta kuma yi umurni da shan ƙwayar ƙarin jini kullum.

Game da abinci, abin bukata shi ne a gauraya iri-iri. A haɗa tuwon dawa ko na gero da wake, da gyaɗa, da kifi ko nama dafaffe sosai, da nonon da aka tafasa madararsa. A yawaita zogale, da alayyafo, da rama, da gwanda, da lemo. Hana mai ciki ƙwai camfi ne kawai. Dafaffen ƙwai abinci ne mai gina jiki. A rage lemon kwalba, da sukarin shayi, da soye-soye. Ko mai ƙiba kada ta yi horon yunwa don ta rame.

Game da motsa jiki, a shekarar 2020 Hukumar ta shawarci mai ciki lafiyayya ta yi minti 150 a mako, watau kamar rabin sa'a a kwana biyar. Matar kulle tana iya cika wannan da zagayen tsakar gida da sanyin safiya ko na maraice, tafiyar da ba za ta hana ta magana ba. Amma matar karkara mai noma, da daka, da ɗaukar ruwa da itace, sauƙin aiki take bukata da ƙarin abinci.

Abin lura: idan nauyi ya hau farat ɗaya, fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, to, wannan ba ƙiba ba ce. Alamar hawan jini ce mai kawo jijjiga. A kai ta asibiti ran nan, haka kuma idan jini ya ɓalle.

Da yake cefane da izinin fita duk a hannun maigida suke, ana roƙon Hakimai su sa malamansu su karanta wannan takarda a gaban Dagatai, da Masu Unguwa, da Limamai, da ungozomomi, su kuma su isar ga magidanta. Rigakafi ya fi magani.