Yadda Ake Haɗa Kayan Rubuta Manhajar Ƙananan Na'urori

A cikin mitar wutar lantarki ko inbatar sola akwai 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da komai. Misali STM32F103C8: ma'adanarta ta dindindin kilobait 64 ce, ta wucin gadi kuma kilobait 20. Wurin ya yi kaɗan a fassara manhaja a cikinta, shi ya sa a kwamfuta ake rubutawa, a mayar da rubutun zuwa harshen da wannan ƙwaƙwalwar, mai tsarin ARM, ke ganewa, sannan a ɗora mata.

Mai fassarar da ya shahara shi ne arm-none-eabi-gcc, kuma kyauta ake samunsa. Wajibi ne a gaya masa irin ƙwaƙwalwar, wato Cortex-M3, a kuma ba shi fayil ɗin da ke nuna inda kowace ma'adana ta fara: ta dindindin a 0x08000000, ta wucin gadi a 0x20000000. Idan aka kuskure nan, na'urar ba za ta tashi ba. A ƙara masa alamar -g domin ya adana bayanan binciken kuskure.

Shi binciken kuskuren da wani ɗan kayan aiki mai suna ST-Link ake yin sa, ana jona wayoyinsa SWDIO, SWCLK da GND a jikin allon da ƙwaƙwalwar take. Manhajar OpenOCD ce ke magana da shi, ita kuma manhajar GDB ta haɗu da OpenOCD ta tasha mai lamba 3333. Daga nan injiniya zai iya tsayar da aiki a layin da ya ga dama, ya duba abin da ke cikin ma'adana, ya bi umarni ɗaya bayan ɗaya.

Ɗalibi ya fara da kunna fitila guda. In ta yi ƙyaftawa, kayan sun haɗu daidai.