Yadda malaman kimiyyar lafiya ke koyar da 'yan sakandare daga gida a Amurka

A wasu makarantun sakandaren Amurka, idan aka kaɗa ƙararrawar shiga aji, ɗalibai kan zauna a kujerunsu amma babu malamin da zai turo ƙofa. Sai dai a kunna babban allon da ke jikin bango, fuskar malama ta bayyana daga ɗakinta, wataƙila a wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomita.

Darasin ranar na iya zama awon hawan jini. Malamar za ta naɗa maɗaurin na'urar a damtsenta a gaban kyamara, ta nuna inda ake ɗora abin sauraron bugun jini, sannan ta ce kowa ya gwada da na kusa da shi.

To a nan ne gizo ke saƙar. Tana ganin yaro ya sa abin sauraro a kunne, amma ba ta jin abin da yake ji. Idan ya ce ya samu 118 bisa 76, ba ta da yadda za ta tabbatar ko da gaske ya ji sautin, ko kuwa lamba ce ya ƙago don kada a yi masa dariya.

Irin wannan aiki na koyar da kimiyyar lafiya daga nesa yana cikin guraben da ake yawan tallatawa a shafukan neman aiki na intanet. Daga waje ana yi masa kallon aikin hutu: babu cunkoson hanya, babu hayaniyar yara. Waɗanda suka san darasin sun san ba a nan take ba.

Wane darasi ne wannan?

A Amurka, yaro kan shiga babbar sakandare yana ɗan shekara 14, ya fita yana ɗan 18, daga aji na 9 zuwa na 12. Baya ga lissafi da Turanci da tarihi, akwai ɓangaren koyon sana'a, wanda gwamnatin tarayya ke tallafawa ƙarƙashin dokar da ake kira Perkins. An fara dokar a 1984, aka sabunta ta a 2018, kuma tana ba jihohi sama da dala biliyan ɗaya a kowace shekara.

Tsarin da aka daɗe ana amfani da shi kafin a sabunta shi a 2024 ya kasa sana'o'in rukuni 16, kimiyyar lafiya na ɗaya daga ciki.

Ya bambanta da darasin tsafta da kula da kai da kowane ɗalibi ke yi. Wannan an tsara shi ne don yaron da ke son zama ma'aikacin jinya, ko mai haɗa magani, ko ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, ko likita.

Ana koya masa sassan jiki da yadda suke aiki, da kalmomin asibiti waɗanda akasarinsu daga Latin da Girkanci suka fito, da hanyoyin hana yaɗuwar cuta, da dokar riƙe sirrin majinyaci ta 1996 da aka sani da HIPAA. A makarantu da dama, yaro kan kammala sakandare da takardar shaidar mataimakin ma'aikacin jinya a hannunsa, ya fara aiki tun kafin ya shiga jami'a.

Akwai ma ƙungiyar ɗaliban wannan fanni mai suna HOSA, wadda aka kafa a 1976, da ke shirya musu gasa daga matakin jiha zuwa na ƙasa.

Me ya kawo koyarwa daga nesa?

Babban dalilin shi ne ƙarancin malamai, kuma kuɗi na da hannu a ciki.

Wanda zai koyar da wannan darasi galibi ma'aikacin lafiya ne da ya taɓa aiki a asibiti. Alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin malamin sakandare ya kai kimanin dala 65,000 a shekara, na ma'aikacin jinya mai rijista kuma kimanin dala 86,000. Ke nan duk nas ɗin da ta ajiye aikin asibiti ta koma aji, ta san za ta yi asarar wani abu a aljihu.

Makarantar da ke babban birni na iya samun mai yin wannan sadaukarwa. Ta ƙauye, mai ɗalibai 15 kacal da ke son darasin, ba ta da kuɗin ɗaukar malami na musamman, ko da akwai kuɗin ma babu mai zuwa.

A gefe guda kuma ƙasar na buƙatar ma'aikatan lafiya. A 2024 ƙungiyar kwalejojin koyar da likitanci ta Amurka ta yi hasashen cewa ƙarancin likitoci na iya kaiwa 86,000 nan da 2036. Shi ya sa jihohi ba sa son rufe irin wannan aji don kawai babu malami a garin.

Karatun sakandare ta intanet ya girmi annobar korona. Jihar Florida ta buɗe makarantarta ta intanet, Florida Virtual School, tun a 1997. Kamfanin K12, wanda ya koma Stride a 2020, ya fara a 2000, sai Connections Academy a 2001. Abin da korona ta yi shi ne ta sa iyaye da malaman da ba su taɓa tunanin tsarin ba suka ɗanɗana shi.

Aikin iri biyu ne

Na farko shi ne wanda ɗaliban ke tare a aji ɗaya, malamin ne kaɗai ke nesa. Kamfanoni kamar Proximity Learning da ke Texas da Elevate K-12 da ke Chicago na ƙulla yarjejeniya da makarantun da suka rasa malami, su haɗa su da wanda zai koyar kai-tsaye ta bidiyo. A cikin ajin akan ajiye wani ma'aikaci da zai kula da natsuwa, ya raba takardu, ya gyara na'ura idan ta tsaya. Sau da yawa shi ba masanin darasin ba ne.

Na biyu shi ne makarantar da ba ta da gini. Kowane yaro na gidansu, yana bin darussan da aka riga aka ɗora a shafin makarantar, ya haɗu da malami kai-tsaye a wasu sa'o'i na mako.

A wannan tsari na biyu, lokacin da malami ke ɓatawa yana magana gaban kyamara kaɗan ne. Mafi yawan yininsa na tafiya ne wajen duba aikin gida, da amsa saƙonni, da kiran iyaye a waya, da bibiyar yaron da ya kwana uku bai buɗe kwamfuta ba. A makarantar Florida, alal misali, akwai wata jarrabawar baka da malami ke yi wa ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, domin ya ji da kunnensa ko yaron ne ya yi aikin da ya turo.

Akwai kuma nauyin da doka ta ɗora masa. A duk jihohin Amurka, wajibi ne malami ya kai rahoto idan ya yi zargin ana cin zarafin yaro. Malamin aji na iya ganin tabo a hannun ɗalibi ko ya lura ya rame. Na nesa kuwa wani lokaci suna kawai yake gani a kan baƙin allo, don yaron ya kashe kyamara.

Abin da sai da hannu

Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma a aikin lafiya gani kaɗai ba ya isa. Akwai abin da sai hannu ya taɓa.

A ɗauki taimakon gaggawa ga wanda zuciyarsa ta tsaya, wato CPR. Ƙa'idar ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka ita ce a danna ƙirjin babban mutum sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin kowace dannawa ya kai aƙalla santimita biyar, sannan bayan dannawa 30 a hura numfashi sau biyu. Yaro na iya haddace waɗannan lambobi cikin minti biyar. Amma ba zai san ƙarfin da santimita biyar ke buƙata ba, ko yadda hannu ke gajiya bayan minti biyu, sai ya durƙusa a kan mutum-mutumin robar da ake gwaji da shi.

Shi ya sa ƙungiyar da kanta ta raba horon gida biyu ga masu son yi ta intanet: a yi karatun a kwamfuta, sannan a je a nuna ƙwarewa da hannu kafin a ba da shaida.

Haka yake ga mataimakan ma'aikatan jinya. Dokar tarayya ta ce horonsu kada ya gaza sa'a 75, kuma aƙalla sa'a 16 daga ciki su kasance na aikin hannu ƙarƙashin kulawar ma'aikacin jinya. Jihohi da yawa sun ƙara a kan haka, wasu sun haura sa'a 100. Juya tsohon da ba ya iya motsi a kan gado ba tare da an ji masa ciwo ba, da cire safar hannu ba tare da taɓa bayanta ba, da ciyar da wanda haɗiya ke yi wa wuya, duk sai a gaban mai duba.

Saboda haka malamin nesa da ya san aikinsa kan zama mai ƙulla zumunci. Shi ne zai nemi nas ɗin makarantar ta shiga aji ranar awon jini. Shi ne zai tuntuɓi asibiti ko gidan kula da tsofaffi da ke garin yaran don a ba su gurbin gwaji. Wasu makarantun na aika wa ɗalibai ƙunshin kayan aiki gida, yaro ya ɗauki bidiyon kansa yana wanke hannu ko yana auna bugun jinin mahaifiyarsa, malami ya kalla ya gyara masa.

Wannan ma na da nasa amfanin. A aji mai yara 30, malami ba zai iya tsayawa kan kowa ba. A bidiyo kuwa yana iya mayar da hoton baya sau uku har ya ga inda yaro ya manta da wanke tsakanin yatsu.

Sukar da ake yi wa tsarin

Ba kowa ne ya gamsu da makarantun intanet ba. A 2015 cibiyar bincike ta CREDO da ke Jami'ar Stanford ta kwatanta ɗaliban makarantun intanet masu cin gashin kansu da takwarorinsu na makarantun gwamnati da aka saba. Ta gano cewa a shekara guda, na intanet sun koma baya da kwatankwacin kwana 72 na karatu a fannin karanta rubutu, da kwana 180 a lissafi. Kwana 180 kuwa shi ne kusan tsawon shekarar karatu baki ɗaya a Amurka.

A jihar Ohio, wata babbar makarantar intanet mai suna ECOT ta rufe a watan Janairun 2018 ana tsakiyar zangon karatu, bayan da hukumomi suka ce ta mayar da miliyoyin daloli da ta karɓa kan ɗaliban da ta kasa nuna cewa suna karatun. Kimanin yara 12,000 ne suka shiga neman wata makaranta.

Masu kare tsarin na cewa yawancin yaran da ke komawa intanet dama suna da matsala tun farko, ko rashin lafiya, ko tsangwama a tsohuwar makarantarsu. Suna kuma cewa ga yaron ƙauye, zaɓin ba tsakanin malamin aji da malamin allo yake ba, tsakanin malamin allo ne da babu malami.

Ɗan Najeriya zai iya neman aikin?

Tambaya ce da matasa masu takardun aikin jinya ko na koyarwa kan yi idan suka ga tallar a Facebook ko WhatsApp, musamman da aka rubuta cewa daga gida ake yi kuma da dala ake biya.

Amsar ita ce da wuya ƙwarai. A Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisin koyarwa nata, kuma makarantar gwamnati, ko ta intanet ce, na neman lasisin jihar da ɗaliban suke. A Texas, mai son koyar da kimiyyar lafiya sai ya kasance da shaidar karatun gaba da sakandare, da lasisin aikin lafiya mai rai, da shekara biyu na aikin albashi a fannin. Ana kuma ɗaukar hoton yatsu don binciken tarihin aikata laifi, kuma akasarin guraben na neman wanda ke da izinin aiki a ƙasar. Rijistar TRCN ko ta hukumar ma'aikatan jinya ta Najeriya ba ta maye gurbin waɗannan.

Don haka duk wanda ya ce zai samar maka irin wannan aiki daga Kano ko Gombe idan ka tura kuɗin fom ko na horo, to ka yi hattara. Makarantar gaske ba ta karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki.

Abin da ya fi amfani a ɗauka daga tsarin shi ne darasinsa. Najeriya ma ta gwada karatu daga nesa a 2020, lokacin da aka rufe makarantu, jihohi kamar Kaduna da Kano suka koma ba da darussa ta rediyo da talabijin. A 2022 ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport. Ilimin kiwon lafiya kuma na cikin darussan da ake zanawa a WAEC.

Malami ɗaya nagari na iya bayyana yadda kwalara ke yaɗuwa ga makarantu goma a lokaci guda ta waya ko rediyo. Amma ranar da za a koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, ko ɗaure rauni, ko ƙirga numfashin jariri, sai an samu wani a cikin ajin da zai kama hannun yaro ya gyara masa. A Amurka nas ɗin makaranta ce ke yin wannan. A nan, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi da ke bayan makarantar na iya yi, idan an gayyace shi.