Sunayen Ma'adinai a Gefen Tsofaffin Littattafai: Aikin da Ke Jiran Masu Bincike a Ƙasar Bader Gula

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin tsara kalmomi ya san inda aiki yake cijewa. Idan an zo kan tsirrai, sai a buɗe littafin da Dalziel ya buga a 1916, a tarar da sunayen itatuwa da ciyayi a jere. Idan kuwa an zo kan duwatsu da ma'adinai, sai ɗaki ya yi tsit, daga bisani a ɗauko kalmar Faransanci a liƙa mata wasalin Hausa. Ƙamus na Bargery na 1934 ya ƙunshi sunaye da dama, amma a warwatse suke. Ga shi kuwa ƙasarmu tana haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, kuma a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wani kaso na kalmomin da muke nema yana nan a rubuce cikin littattafan malaman karkara, kuma yana gab da salwanta.

1. Littattafan da ake magana a kansu

A duniyar Musulunci an daɗe da keɓe wa duwatsu masu daraja littattafai. Albiruni, masanin ƙarni na 11, ya wallafa Aljamahir fi Ma'arifatil Jawahir, inda ya auna nauyin duwatsu don bambanta na gaske da jabu. Ahmad Attifashi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1253, ya wallafa Azharul Afkar fi Jawahiril Ahjar mai babi 25, kowane babi da dutsensa: inda ake haƙo shi, alamar mai kyau da marar kyau, amfaninsa da kuɗinsa. An buga shi a Italiya a 1818. Irin waɗannan ne masu tara tsofaffin littattafai a Turai suke farauta, tare da littafin Agrikola na 1556 kan aikin haƙar ma'adinai.

A ƙasar Hausa kuwa, ilimin ma'adinai ya fi shigowa ta ƙofofi uku. Ta farko, littattafan magani, irin su Tazkira ta Dawuda Al'antaki, wanda ya rasu a 1599, da Kitabur Rahma da ake jingina wa Suyuɗi. Ta biyu, littattafan fiƙihu, irin su Risala da Muhtasar, inda ake bayanin zakkar zinariya da azurfa da abin da aka haƙo daga ƙasa. Ta uku, labaran matafiya: Ibn Baɗuɗa, da ya sauka Takadda a 1353, ya bayyana yadda ake narka tagulla a zuba ta sanda-sanda, a yi ciniki da ita, a kai ta har Gobir da Barno. Saboda haka wanda ya shiga zauren malami yana tambayar "littafin duwatsu" zai fito hannu rabbana, alhali abin da yake nema yana cikin gafaka a gabansa.

2. Abin da gefen shafi yake koya mana

Al'adar karatun zaure ita ce ɗalibi ya karanta Larabci, malami ya fassara da baka. Kalmar da ta yi wuya, sai ɗalibi ya rubuta ma'anarta da ajami a gefen shafi ko tsakanin layuka. Ga mai nazarin harshe, wannan ɗan rubutu ya fi matanin kansa daraja, domin matanin ana samunsa a buge, amma fassarar gefe kwafi ɗaya ke gare ta a duniya.

Tana nuna mana abu uku. Na farko, asalin kalma. Zinariya daga dinar na Larabci take. Azurfa da tozali kuwa daga bakin Abzinawa suka shigo, waɗanda suke cewa azref da tazolt. Na biyu, sauyin ma'ana. Lu'ulu'u a Larabci ƙwaya ce da ake cirowa daga cikin kwanson teku, amma Bahaushen yau yakan kira daiman da wannan suna. Haka kuma ismid na littattafan magani dutsen antimoni ne, alhali galibin tozalin kasuwanninmu dutsen dalma ne. Wanda ya haɗa su a ƙamus ba tare da bayani ba ya ɓatar da malamin asibiti, tun da dalma guba ce. Na uku, yalwar rarrabewa. Inda Balarabe ya ce naɗrun, Bafaranshe ma ya tsaya kan kalma ɗaya, Bahaushe yana da jar kanwa, farar kanwa, ungurnu da gwangwarasa. A gishiri yana da kantu da beza na Bilma, da mangul na ƙasar Manga. Kowane suna yana ɗauke da mahaƙa, da launi, da amfani: wannan na miya, wancan na dabbobi, wancan na taba.

3. Dalilin zaɓen Bader Gula

Bader Gula ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Dakoro, a arewacin jihar Maraɗi, inda gonaki suke ƙarewa makiyaya ta fara. Hausawa da Abzinawa da Fulani suna cin kasuwa ɗaya. Makiyayi a nan ya san kanwa da gishiri kamar yadda manomi ya san iri, domin lafiyar garkensa a kansu take, kuma da damina akwai masu korar dabbobi zuwa ƙasar gishiri ta Ingal. Maƙeri yana tuna sunayen tama ko da ya daina narka ta. Tsohuwa ta san bambancin tsakiya da murjani. Ma'ana, a nan ana iya ɗaukar kalma daga gefen shafi a kai ta kasuwa, a ce: "Baba, nuna mini wannan." A ɗakin ajiya na birni ba a iya yin haka.

Tarin littattafan Larabci da ajami da Bubu Hama ya soma, wanda yau yake cibiyar IRSH ta Jami'ar Yamai, ya kai kimanin 4000, kuma Gidauniyar Alfurƙan ta Landan ta fara buga jerinsa a 2004. Amma jerin littattafai sunan marubuci da na littafi yake bayarwa. Ba ya ƙirga kalmomin gefe.

4. Yadda za a tattara, a adana

Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne sake cikin tadarishi. Maƙiyansu gara, da ɓera, da yoyon ɗaki, da rabon gado, wanda yakan raba littafi ɗaya gida uku. Mafi muni, daga gefe takarda take fara ci, wato daidai inda Hausar take. Muna ba da shawarwari kamar haka:

a) Kada a raba malami da littafinsa. A nemi izini, a ɗauki hoto a zaurensa, a bar masa kwafi. Littafin da ya bar gidansa ya rabu da mai iya karanta hannun da ya rubuta shi.

b) A ɗauki hoton shafi dukansa har bakin takarda, kada a yanke gefe. A bi kalmar da marubuci yakan sa a ƙasan shafi don mayar da warƙoƙi bisa tsari.

c) A ɗaga takarda ga haske a duba tambarin cikinta. Mai jinjirin wata uku, alal misali, daga Italiya fatake suka riƙa kawo ta, musamman a ƙarni na 19. Wannan yana taimakawa wajen kintata shekaru.

d) Kada a liƙa salatif ko gam, kada a kulle takarda cikin leda. A sa ta tsakanin kwali mai tsabta, cikin akwatin ƙarfe, bisa duwatsu, nesa da bango, a riƙa buɗewa ana dubawa kafin damina da bayanta.

e) Kowace kalma a yi mata kati: yadda take a ajami, yadda take a boko da alamar tsawon wasali da karin sauti, kalmar Larabcin da ta fassara, da furucin mai littafi a naɗe. Ajami ba ya nuna karin sauti, saboda haka muryar mai karatu wajibi ce. A haɗa da ɗan samfurin dutsen, a miƙa wa masana ƙasa su tantance.

Kammalawa

Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, muke kukan ƙarancin kalmomin kimiyya. Ba mu ce gefen littafi zai ba mu sunan yuraniyom ba. Aro halal ne inda babu. Amma kafin a ƙirƙira ko a ara, a fara tambayar abin da ke gida. Manomin da ya shiga ajin yaƙi da jahilci a Bader Gula, idan ya tarar da gwangwarasa a shafin farko, zai san littafin nasa ne. Malamai biyu, da na'urar ɗaukar hoto, da rani ɗaya sun isa a fara.