Abin da Ya Kamata Ku Sani: Me Ya Sa Nas Take Tsallake Layi?

Ƙorafin da aka fi ji a ƙofar ɗakin gaggawa na asibiti shi ne: "Tun da asuba muke nan, amma an shigar da waɗanda suka zo yanzu." Nan take sai a ce sanayya ce. Ana yin alfarma a asibitoci, babu mai musun wannan. Amma sau da yawa abin da mai ƙorafin ya gani hukunci ne da babbar nas ta yanke bisa ƙa'ida: wanda zai iya rasa ransa nan da ɗan lokaci shi ake fara dubawa, ko da shi ne ƙarshen zuwa.

Tsarin ya samo asali ne daga fagen fama. Dominique Larrey, likitan tiyata na rundunar Napoleon ta Faransa, ya riƙa duba sojoji gwargwadon munin rauninsu, ba gwargwadon girman muƙaminsu ba. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin horo a kan irin wannan tantancewa domin yara, musamman a asibitocin da ba su da wadatar kayan aiki.

Ana son nas ta tantance yaro cikin daƙiƙa ashirin ko ƙasa da haka. Tana duba ko hanyar numfashinsa a buɗe take, ko yana numfashi da ƙyar, ko leɓensa ya sauya launi. Ta taɓa hannunsa ta ji ko ya yi sanyi, sannan ta danna farcensa ta saki. Idan jinin ya wuce daƙiƙa uku bai dawo ba, kuma bugun jijiyarsa yana sauri ba ƙarfi, akwai haɗari. Ta duba ko ya suma, ko yana jijjiga, ko gudawa ta tsotse masa ruwan jiki har idanunsa sun faɗa. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ba ya jiran kati, ba ya jiran kuɗi. Bayansa sai waɗanda ake gaggauta wa: jaririn da bai kai wata biyu ba, mai zazzaɓi mai tsanani, wanda ya ƙone ko ya sha guba, wanda tafin hannunsa ya yi fari fat, da wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura saboda tamowa. Saura su bi layi.

Jerin alamun kowa zai iya haddace shi. Inda tunani yake shigowa shi ne inda ido yake ruɗin mutum. Yaron da ke tsala kuka ya cika ɗaki shi yake jan hankalin kowa, alhali mai ƙarfin kuka yana da numfashi. Wanda ya yi lamo a bayan uwarsa, ta rufe shi da mayafi tana cewa barci yake yi, shi ne ƙwararriyar nas za ta ce a kwance mata ta gani. Kuma hukuncin ba ya zama daram. Wanda aka ce ya jira da ƙarfe tara yana iya rikicewa kafin sha ɗaya, don haka shugaba ta gari takan sa a riƙa zagaya layin ana sake dubawa.

A Asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a ƙasar Malawi, an sake fasalin sashen karɓar yara a wajejen 2001, aka horar da ma'aikata kan tantancewa da taimakon gaggawa. Mace-macen yaran da ake kwantarwa, da suke tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari, suka sauko zuwa kashi 6 zuwa 8.

Hukuncin shugabar nas bai tsaya a ƙofa ba. Ita ke raba ma'aikata a aikin dare, ta san wa za ta ɗora wa gadon da ya fi tsanani, wa kuma ba za a bar shi shi kaɗai ba. Wannan rabon ba ƙaramin abu ba ne. Binciken da Linda Aiken ta jagoranta a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ta Amurka, wanda aka buga a 2002, ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin ɗari a cikin kwana 30. Haka nan idan likita ya rubuta adadin maganin da bai dace da nauyin yaro ba, aikin nas ne ta dakata ta tambaya kafin ta ɗura. A ganina, shugabar da ƙananan ma'aikata suke tsoron tambayarta ta fi ƙarancin kayan aiki haɗari.

Ku masu kawo mara lafiya, kuna da hannu a wannan hukunci, domin da abin da kuka faɗa ake yanke shi. Idan yaro yana jijjiga, ko ya daina shan nono, ko ba ya farkawa, kada kunya ta zaunar da ku a layi. Ku je ku faɗa tun daga ƙofa. Ku faɗi gaskiyar ranar da ciwon ya fara, da duk abin da aka ba shi a gida, na kemis ne ko jiƙo.