Auna Hanyar Saƙo da Rage Hayaniya a Wayar Iska Tsakanin Motoci

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Samaru, inda aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta ratsa Palladan da Kwangila ta faɗa Sabon Gari, ya san abin da babbar mota ke yi wa ganin direba. Idan ta tare gaba, na baya ba ya sanin abin da ke aukuwa sai ya tarar da shi. Saboda irin wannan ne masana suka ƙago dabarar da motoci za su riƙa aika wa juna saƙo ta wayar iska, kamar sau 10 a kowace daƙiƙa, kowace tana faɗin inda ta ke, da saurinta, da ko ta taka birki. A 1999 Amurka ta keɓe wa wannan aiki zango wajen gigahaz 5.9, a 2010 kuma aka fitar da ƙa'idarsa mai suna IEEE 802.11p.

Aika saƙon abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen karɓa. A ɗauka motoci biyu masu wannan na'ura sun doso gadar Kwangila. Igiyar da ɗaya ta saki ba ta bin tafarki guda: wani sashe ya tafi kai tsaye, wani ya bugi ginshiƙin gada, wani ya bugi jikin tanka ko rufin kwano, sa'an nan duka su isa a jere, kamar amsa-kuwwa a gindin dutsen Kufena. Inda suka dace sai ƙarfinsu ya haɗu, inda suka saɓa kuwa sai su kashe juna. Dukkan abin da hanya ta yi wa saƙo, na ragi da jinkiri da murɗiya, shi ne mai karɓa ke neman ya auna domin ya warware shi.

Yadda a ke aunawar ya yi kama da sallama. Mai gida ya riga ya san kalmomin da baƙo zai faɗa daga zaure, don haka ko muryar ta iso a dusashe, ya kan gane nisan mutum da yadda bango ya rage ta. Haka na'ura ke buɗe kowane saƙo da alamu 2 na gwaji waɗanda mai karɓa ya san siffarsu. Sai ya gwada abin da ya iso da abin da ya kamata ya iso, bambancin shi ne halin hanya.

To, amma a nan gizo ke saƙa. An aro wannan tsari ne daga wayar iska ta cikin ɗaki, inda mai aikawa da mai karɓa ke zaune wuri ɗaya. Mota ba ta zama. Mutanen Sabon Gari, da ya ke jirgin ƙasa ya iso Zariya tun 1911, sun san kukansa ya kan yi tsini idan ya doso, ya yi kauri idan ya wuce. Christian Doppler ya bayyana dalilin haka a 1842, kuma igiyar rediyo ma haka ta ke. Tsawon igiyar a wannan zango kamar santimita 5 ne. Motoci biyu da suka fuskanci juna, kowace tana kilomita 100 a awa, su kan rage tazarar fiye da santimita 2 kafin matsakaicin saƙo ya ƙare, watau kusan rabin igiya, kuma kowace amsa-kuwwa da irin tata sauyawar. Awon da aka yi a farko ya tsufa ke nan tun saƙon bai kai ƙarshe ba. Gaskiya ne cikin ƙananan layuka 52 da a ke rarraba saƙo a kansu an bar 4 don gwaji, amma 4 sun yi kaɗan su ba da labarin sauran 48.

Maganin da aka fi bi shi ne mai karɓa ya mai da kowace alama da ya karanta ta zama sabon ma'auni ga ta gaba. Dabara ce mai kyau, sai dai kuskure guda ya kan haifi wani, shi ya sa a ke daidaita awon da na layuka maƙwabta da na alamun baya. Tsarin C-V2X na 2017 ya bi wata hanya, ya warwatsa alamun gwaji 4 cikin kowane kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa.

Saura hayaniya. A cunkoso irin na bakin kasuwar Sabon Gari motoci masu yawa za su so magana lokaci guda. Ƙa'idar 802.11p ta ce kowace ta saurara tukuna, in ta ji shiru ta yi magana. Amma motoci biyu da gini ya raba ba su jin juna, sai su aika tare, ta uku da ke mararraba ta ji saƙonnin a cakuɗe. Domin rage wannan, idan cunkoso ya yi yawa na'ura ta kan rage yawan saƙonninta ko ƙarfin muryarta. Filin ma ya ƙuntata: a 2020 Amurka ta janye megahaz 45 daga cikin 75 ɗin da ta keɓe, ta bar wa motoci 30.