Dokar Fansho a Sudan: Abin da Ya Kamata Ma'aikatanmu Su Sani

A shekarar 2016 Sudan ta yi dokar da ta haɗa asusun fanshon ma'aikatan gwamnati da na ma'aikatan kamfanoni wuri ɗaya. Tsarin shi ne, kowane wata a cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 17, a zuba a asusun.

To amma dokar tana amfanar wanda aka yi wa rajista ne kawai. Mu kuwa a Dinder da Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, yawancinmu manoma ne da 'yan ƙodago, babu sunanmu a ko'ina. Ranar da ƙarfi ya ƙare, sai abin da 'ya'ya suka kawo.

Saboda haka duk mai aikin albashi, malamin makaranta ne ko ma'aikacin kamfanin sukari na Sinnar, ya nemi lambar rajistarsa, ya tabbatar kuɗin na shiga, ya adana takardunsa, musamman yanzu da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa ofisoshi. Masu ɗaukar ma'aikata kuma mu ji tsoron Allah: a cire kuɗin mutum a ƙi zubawa, cin amana ne.