Zaɓen Nau'in Sitibiya a Madadin Sukari

Sitibiya, wadda masana ke kira Stevia rebaudiana, tsiro ne mai ganye mai zaƙi wanda asalinsa ƙasashen Faraguwai da Birazil ne, inda ƙabilar Guarani suka daɗe suna sa shi cikin abin shansu. Zaƙin yana fitowa daga wasu sinadarai da ke cikin ganyen, manyansu su ne stevioside da rebaudioside A. A shekarar 1931 aka fara ware stevioside a Faransa, kuma Japan ta soma sayar da shi a 1971. Abin da ya kamata malamin gona ya fahimta kafin ya ba jama'a shawara shi ne, kaya iri uku ake sayarwa da wannan suna, kuma ba aikinsu ɗaya ba.

Na farko shi ne busasshen ganye, ko garinsa mai launin kore. Wannan ne manomi zai iya samarwa da kansa. Ya fi sukari zaƙi sau da yawa, amma yana da warin ganye da ɗan ɗaci da ke saura a harshe, kuma ba ya narkewa. Ya dace da shayi da zoɓo, inda za a tafasa a tace. A cikin koko ko fura yana ɓata launi.

Na biyu shi ne farin garin da aka tace a masana'anta, wanda zaƙinsa ya ninka na sukari sau 200 zuwa 300. A kansa ne aka yi mafi yawan binciken lafiya. A 2008 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya ƙayyade miligiram 4 na steviol a kowane kilo na nauyin mutum a rana, ga garin da tsabtarsa ta kai kashi 95 cikin ɗari. Wato mai nauyin kilo 60 kada ya wuce miligiram 240. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2011 da lambar E960. Idan za ka saya, zaɓi wanda rebaudioside A ya fi yawa a ciki, domin stevioside ne ya fi ɗaci. Wahalarsa ita ce awo: ɗan abin da ya hau bakin cokali ya ishi kofi, in ya zarce sai ɗaci.

Na uku shi ne gauraye, kuma shi ya fi yawa a kantuna. Saboda tataccen garin yana da wuyar aunawa, sai a haɗa shi da erythritol ko maltodextrin ko dextrose domin ya yi auki. A nan ne mai ciwon sukari zai lura ƙwarai. Maltodextrin da dextrose suna ɗaga sukarin jini, alhali sunan sitibiya ne rubuce a gaban fakiti da manyan baƙaƙe. Juya fakitin ka karanta jerin abin da ke ciki. Wanda aka fara ambata shi ne mafi yawa. Ka kuma duba lambar NAFDAC. Mai shan maganin ciwon sukari ko hawan jini ya tuntuɓi likitansa tukuna. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan masu zaƙi domin rage ƙiba.

Babu nau'in da ke maye gurbin sukari a burodi ko alawa, domin yis ba ya cin sitibiya, kuma ba ta ƙonewa ta yi ja ko ta yi danƙo.

Ga manomin da ke sha'awar nomanta, a ganina kada ya fara sai ya san mai saye da irin da yake so, domin masana'antu suna neman ganye mai yawan rebaudioside A. Ƙwayar irin ba ta tsirowa da kyau, kuma abin da ya tsiro yakan bambanta a zaƙi, don haka a dasa yankan reshe daga uwa mai kyau. Tsiron yana saurin fure idan yini gajere ne, kamar yadda yake a ƙasarmu kusan duk shekara. A yanke ganye da zarar an ga alamar fure, lokacin da zaƙi ya fi yawa, a shanya shi a baje a wuri mai iska, a adana cikin leda ko gwangwani mai murfi kafin ya ja danshi.